Sa Hannu a Tsugune

Tsamiyar Dela, Roni,
7 ga Oktoba.

Zuwa ga Yayata Habiba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da jikoki. Ya ƙafar taki? Mu nan lafiya lau, gero ya nuna har an fara girbi. Zulaiha tana gaishe ki.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a hannun Ukasha direba alhali ga waya. Yaya, maganar ta fi ƙarfin waya. Sau uku ina danna lambarki, bakina ya yi nauyi in kashe. A rubuce ko ba komai ba zan ji salatinki a kunnena ba.

Kin tuna bara da damina na ba ki labari gwamnati ta amince a sa wa sakandarenmu wutar sola, saboda kwamfutoci ashirin ɗin da aka kawo mana suke ta zaune a kwali. Farantan sola ashirin da huɗu aka amince, da batura goma sha shida. Ranar miƙa aiki an zo da motoci, an kunna wuta, fankoki sun juya, ɗalibai sun yi tafi, an ɗauki hotuna. Abin da ban gaya miki ba shi ne faranti takwas kawai aka ɗora a kan rufi. Baturan kuma da safe suka zo, da la'asar aka mayar da su mota, wai ba girmansu ba ne, za a canjo a Kano nan da mako biyu, a taho da sauran farantan. Yau wata goma sha huɗu ke nan.

Kafin motoci su tashi a ranar aka kawo mini takardar kammala aiki in sa hannu. Da ɗan kwangilar ne ya kawo, wani yaro Muhsin, wallahi da na ce sai na ga kaya. Amma Baba ne ya kawo, mahaifin matata Zulaiha. Tun da ya bar aiki a sashen gine-gine, shi yake yi wa yaron wakilci a wannan yanki, don mahaifin yaron ubangidansa ne tun suna samari.

Yaya, shekara goma sha ɗaya da aurena, ban taɓa cika ido da fuskar Baba ba. Ban taɓa shan ruwa a gabansa ba. Da ya shigo ofis na tashi daga kujera, na tuɓe takalmi na tsugunna. Ya miƙo takarda, na ɗora a gwiwata, ya sa yatsa ya nuna mini gurbin. Ta yaya zan buɗe shafi uku ina bi layi-layi yana tsaye a kaina, kamar na ce ban yarda da shi ba? Na sa hannu, na buga hatimin makaranta, ya sa mini albarka ya fita.

Jiya aka kawo mini takarda daga Dutse. An kafa kwamiti da zai bi makarantu ya ga inda kuɗin solar nan suka shiga. Za su zo mana ranar Laraba, talatin ga wata. Sun haɗo mini da kwafin abin da na sa wa hannu, sai jiya na karanta. Cewa ta yi ni shugaban makaranta na gani da idona, na ƙirga, na karɓi komai cif kuma yana aiki.

Idan na faɗi yadda aka yi, na tona wa surukina asiri a gaban baƙi. Idan na yi shiru, ni ne ɓarawon batir. Na rasa inda zan sa kaina. Ki ba ni shawara, ke ce uwa ke ce uba.

Ki gaida kowa da kowa. Allah ya ƙara lafiya.

Ƙaninki,
Halliru


Kazaure,
10 ga Oktoba.

Zuwa ga Malam Hedimasta,

Wa alaikumus salam. Na ga saƙonka, kuma salatin da kake gudu na yi shi, har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambaya wa ya rasu. Ƙafa da sauƙi. Ka gaida Zulaiha da yara.

Halliru, Halliru! Digiri biyu, gemu ya fara fari, kana koya wa 'ya'yan mutane su karanta tambaya sau biyu kafin su amsa, kai kuma ka dangwala hannu a takardar gwamnati a tsugune kamar mai ɗaurin aure. Da kana kusa da na ja kunnen nan naka, ban damu da ɗalibanka suna kallo ba.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina riƙe da sito a asibiti. An kawo mini kwalayen magani, manya suna tsaye da babbar riga suna duba agogo, na ce su zauna, na buɗe ɗaya bayan ɗaya. An ce mini marar kunya, an ce ban san manya ba, har sauyin wurin aiki na sha sau biyu. Amma na bar aiki ina barci da minshari, ba wanda ya taɓa aiko mini da takarda daga Dutse.

To na gama faɗa, yanzu ka saurara. Na san ba mugunta ka yi ba. Ni na goya ka bayan rasuwar Inna, ni na koya maka tsugunna wa manya, ni na ce maka duk inda ka ga surukinka ka sauke kai. Rabin laifin nawa ne, don na manta ban gaya maka inda abin yake tsayawa ba. Kunyar suruki ta zaure ce da gidan biki. Ranar da ya shigo ofishinka da takarda, ba mahaifin Zulaiha ne ya shigo ba, wakilin ɗan kwangila ne, kai kuma amanar yara ɗari uku aka ba ka. Na tausaya maka ƙwarai, don na san ko ni ce a gaban tsohon nan sai na yi da gaske.

Abin da za ka yi ɗaya ne. Ka faɗi abin da ya faru, tun daga zuwan motoci har tafiyarsu, ka haɗa da naka sakacin, kada ka rage kada ka ƙara. Ba a ce ka zagi kowa ba.

Ina da tambaya biyu. A cikin wata goma sha huɗun nan, ka taɓa rubuta wa wani ofishi cewa kaya ba su dawo ba? Sannan Zulaiha ta sani? Idan ba ta sani ba ka gaya mata da bakinka kafin ta ji a bakin matan unguwa.

Ga kuka da daddawa nan na ba Ukasha, ka duba ya kawo duka, tunda yanzu ka koyi duba kaya.

Taka,
Yaya Habiba


Tsamiyar Dela,
16 ga Oktoba.

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Kuka da daddawa sun iso, an gode, Allah ya saka. Faɗan ma na karɓa, na cancanta.

Amsar tambayarki ta farko ita ce a'a, ban rubuta ba. Sau biyu na fara, sai in tuna duk inda takardar ta je kan Baba za ta faɗo. Muhsin kawai nake kira, shi kuma kullum kaya suna hanya.

Zulaiha na gaya mata ranar Juma'a. Tana tankaɗe, ta ajiye rariya, hawaye yana zuba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Malam, Baba ya tsufa." Ba ta roƙe ni komai ba, kuma da ta roƙa da ya fi mini sauƙi.

Kwamiti sun aiko da fom mai tambayoyi goma sha biyu, a cike kafin su zo. Na cike duka ban da ta bakwai. Cewa ta yi: wane ne ya kawo maka takardar kammala aiki? A rubuta cikakken suna. Yaya, kin san ban taɓa kama sunan Baba ba, ba da baki ba, ba da alƙalami ba. Ɗana na fari sunansa ya ci, shi ya sa har yau Abba muke ce masa. Yanzu ranar farko da zan rubuta sunan nan, a takardar tuhuma zan rubuta shi?

Akwai kuma wani sabon abu. Muhsin ya kira ni shekaranjiya, murya kamar zuma. Wai zai turo batura da sauran farantai kafin ranar, a jera, kwamiti su gani su tafi, kowa ya huta. Na ce bayan sun tafi fa? Ya yi dariya ya ce, "Malam, ai ka gane." Ba zan ɓoye miki ba, zuciyata ta so. Baba ya tsira, ni na tsira.

Na yi kuskuren faɗa wa Malama Helen. Kin san ta, 'yar Kagoro ɗin nan mai koyar da lissafi da kwamfuta, wadda ta shekara sha takwas a nan har ta fi ni iya tuwon dawa. Ta dube ni ta ce, "Ranka ya daɗe, in motar ta zo, a bakin ƙofa za ta same ni, ba za ta shigo ba." Ba zan ga laifinta ba. Ita ce ta riƙa kwasar 'yan aji shida ranar kasuwa zuwa Roni, shagon wani mai janareta, su taɓa kwamfuta ɗaya bibbiyu, minti goma-goma, kafin jarrabawar shiga jami'a ta watan Afrilu. Talatin da ɗaya suka zauna, huɗu suka sami makin da ake nema. Nafisat, yarinyar da tun aji ɗaya ba a taɓa kayar da ita ba, ta fito tana kuka, wai lokaci ya ƙare tana neman yadda za ta koma tambayar baya. Ta san amsoshin, Yaya. Ni na san ta san su. Kwamfutoci ashirin kuwa suna ɗaki a kulle, gara ta fara cin kwalayen.

Ga abin da na yanke. Ba zan karɓi kayan aro ba. Amma a tambaya ta bakwai zan rubuta cewa ban tuna ba, in ce ni kaɗai na yi sakaci. In korata za su yi, su kora. Shekara ashirin da biyu ina aiki, ina da 'yar gonata, ba za mu mutu da yunwa ba. Na fi son haka da in ga Baba a tsaye ana yi masa tambayoyi.

Don Allah kada ki ce komai. Ki yi mini addu'a kawai.

Naki,
Halliru


Kazaure,
19 ga Oktoba.

Zuwa ga Baba Alhaji, Babura.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifi, da fatan kana lafiya, da Hajiya da dukkan mutanen gida. Allah ya ƙara girma da nisan kwana. Ni ce Habiba, yayar Malam Halliru mijin Zulaiha.

Baba, ka gafarce ni da na rubuto. Da ƙafata tana barina tafiya da na zo da kaina na durƙusa. Halliru bai san na rubuto ba, hana ni ma ya yi. Amma ni tun ina yarinya aka san ni da rashin jin hani, kuma na tsufa a haka.

Na tabbata ka ji labarin kwamitin da zai zo makarantarsu ranar talatin ga wata. Abin da wataƙila ba ka ji ba shi ne yaronka ya yanke shawarar ya ɗauki laifin duka a kansa. An tambaye shi a rubuce wa ya kai masa takardar kammala aiki, zai ce bai tuna ba. Ƙarya zai yi wa hukuma, mutumin da ban taɓa kama shi da ƙarya ba tun yana rarrafe. Idan ya yi haka aikinsa ya tafi, kuma a Roni har ya mutu ana nuna shi a ce ga hedimastan da ya sayar da wutar yara. Jikokinka a makarantar nan za su tashi suna jin haka.

Ba don tsoro zai yi ba, Baba, don girmanka zai yi. Ka san shi. Ya sa hannu ne saboda kai ka miƙa, kuma zai yi shiru ne saboda kai ne.

Ban zo in ce ka ci ko sisin kwabo ba, Allah ya kiyaye, ban san wannan ba kuma ba na zato. Na san zumuncin da ke tsakaninka da marigayi mahaifin Muhsin, na san yana da wuya mutum ya ce wa ɗan ubangidansa a'a. Kusan abin da ya kama Halliru a gabanka shi ya kama ka a gaban yaron nan. Sai dai kowa ya ji nauyin na gaba da shi ya yi shiru, abin ya gangaro ya faɗa kan yaran da ba su da wanda zai ji nauyinsu. Akwai wata yarinya Nafisat da ta fi kowa ƙoƙari a makarantar, bana tana gida tana taya uwarta surfe saboda ba ta taɓa zama gaban kwamfuta na awa ɗaya ba.

Ba ni da ikon gaya maka abin da za ka yi. Halliru ba zai iya buɗe baki a gabanka ba har abada, shi ya sa na buɗe nawa. Idan na wuce iyaka, ka yi haƙuri, ka ɗora laifin a kaina ni kaɗai, kada ya shafi Zulaiha da mijinta.

Allah ya ja zamaninka. Ina gaida Hajiya da kyau.

'Yarka,
Habiba


Tsamiyar Dela,
24 ga Oktoba.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, amma yau a gurguje.

Me ya sa kika yi mini haka? Ban taɓa jin haushinki ba sai wannan karon, kuma ina faɗa miki ne don ban iya ɓoye miki komai ba. Na roƙe ki kada ki ce komai. Ukasha ne ya gaya mini kin ba shi takarda ya miƙa wa direban Babura.

Ranar Talata da hantsi Baba ya turo mota, wai Zulaiha ta zo yana nemanta. Ba a faɗi dalili ba, ba a ce kwana nawa ba. Ta ɗauki ƙaramar ta tafi, ta bar mini Abba da ƙannensa biyu. Na kira ta jiya, ta ce lafiya lau, Baba bai ce mata komai ba tukuna, yana zaure shi kaɗai, ko masu zuwa hira ya ce a sallame su. Kin san abin da ake nufi idan uba ya kira 'yarsa gida bai faɗi dalili ba. Aikin da nake shirin rasawa na haƙura da shi, amma ban shirya rasa gidana ba. Yara suna tambayata yaushe Umma za ta dawo, ina ce musu jibi.

Motar Muhsin ta zo jiya da azahar, cike da batura da farantai. Malama Helen ta cika alkawari, tana tsaye a bakin ƙofa da alli a hannu. Amma ban bar ta ta yi magana ba. Na je na tambayi direban, kayan nan na makaranta ne ko na aro? Ya sosa ƙeya ya ce an ce ranar Alhamis ta sama ya dawo ya kwashe. Na ce to ya juya tun yanzu ya huta da zuwa biyu. Ya juya motar ya koma da kayan. Muhsin ya kira sau tara ban ɗauka ba.

Fom ɗin yana cikin aljihun tebur. Tambaya ta bakwai har yanzu ba komai a gabanta. Na ɗauki biro zan rubuta ban tuna ba, hannuna ya ƙi. Na ce bari in rubuta gaskiya, shi ma ya ƙi. Saura kwana shida.

Ki yafe mini zafin da na yi a sama. Na san don ni kika yi. Amma Yaya, ina tsoro.

Ƙaninki,
Halliru


Babura,
27 ga Oktoba.

Zuwa ga Malam Halliru,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya da yara. Zulaiha ce za ta kawo maka wannan da hannunta. Na kira ta ne don in tambaye ta ko gaskiya ne abin da yayarka ta rubuto, sai na kwana huɗu ban iya tambaya ba. Jiya na tambaya, ta ce gaskiya ne.

Ban taɓa rubuta maka takarda ba, kuma ba zan tsawaita ba. Kai ba ka karanta takardar nan ba, ni na karanta. Na san abin da ke ciki, na san abin da ke kan rufi. An ce mini kaya za su dawo, na zaɓi in yarda. Muhsin yana da yara da yawa da zai iya aikowa. Ni ya aiko saboda ya san ba za ka karanta a gabana ba, ni ma kuma na sani lokacin da na miƙa maka. Da ladabinka aka cuce ka, kuma da hannuna.

Ranar Laraba zan zo, in Allah ya kai mu, in faɗi wannan a gaban kwamiti da bakina. A tambaya ta bakwai ka rubuta Abdulnasir Hussaini Babura. Ni na umarce ka. Idan hannunka ya ƙi, ka bar gurbin, zan cike da kaina.

Ka gaida yayarka, ka ce na gode. Kai kuma, Malam, ka yafe mini.

Wassalam.

Surukinka,
Abdulnasir